Hoto Ɗaya Daga Gindin Farin Dutse

…kuma ai na faɗa maka ba zai ci ba, Orval. Kwana uku ana sheƙa ruwa, kogin Gasconade ya cika ya batse, ya koma kamar kofi da madara, wane kifi ne zai ga ƙugiya a cikin wannan laka? Amma kai da taurin kai. Kana kwance, robar iska a hanci, jiki ya tafi, bakin nan dai bai mutu ba. "Dewey, je ka kamo min ɗan kifin bas ɗin nan mai ƙaramin baki na gindin farin dutse. Hoto kawai nake so. Ko ka tsufa ne?" Ni, ƙaninka, da ka ba shekara shida.

Nas ɗin da ke kula da kai ta ja ni gefe a baranda. Yau ko gobe, in ji ta. Lurleen matarka ta ce kada in je. Na ce mata ƙarfe uku na dawo.

Ɗaya da kwata yanzu.

Yatsuna sun daina jin maganata. Iska sai juya kan kwale-kwalen take yi, gaban ya yi sakayau, babu nauyinka — duwatsu biyu na ɗora a mazauninka, ka ji abin da ka koma… Jefa. Bari ya nutse. Ja a hankali, a hankali, ƙwaron robar da ke jikin ƙugiya yana jan ciki a ƙasa. In ruwa ya yi sanyi kifin bas ba ya bin abinci, sai an kai masa har baki. Kai ka koya min. Nan ne ma muka kife waccan shekarar, ka fito da hula a kai, takalmi ƙafa ɗaya, kana zagina kana dariya, sandar fatsarka a sama ko jiƙewa ba ta yi ba —

Itace. Ƙugiya ta biyar ke nan da kogin ya cinye min.

Me ya kawo ni? Tsakani da Allah, hoton ne? Ko dai na kasa zama a ɗakin nan ne ina sauraron numfashinka yana tsayawa yana dawowa? Gudu na yi. Tsoro nake ji, Orval, tsoro sosai. Kuma ka gani a fuskata. Ƙila shi ya sa ka aike ni…

Tsaya. Nauyi. Ba itace ba ne, itace ba ya girgiza kai. Zo, zo mana, ɗan albarka — kada zaren ya taɓa dutse — zo. Ga shi. Ba babba ba ne, da kana nan da ka ce in mayar wa uwarsa. Jiƙa hannu tukuna, babban yatsa a leɓen ƙasa. Ido ja, baya kamar tagulla, sanyi ƙalau. Wa zai ɗauke mu hoto? Na ɗaga waya da hannu ɗaya, rabin fuskata, rabin kifi, farin dutsen a baya. Ya isa. Koma gida. Shekara arba'in ba mu taɓa kai ɗaya tukunya ba.

Tuƙi yanzu. Kafaɗa tana ciwo, ruwan sama yana shiga ta wuyan riga, amma kogin yana gudu, yau gudunsa ya yi min rana. Ga kwanar, ga gadar, ga gangaren tsakuwa da muke fita. Na janyo kwale-kwalen. Na durƙusa, hannuna ya riga ya shiga ƙarƙashin dutsen da muke ɓoye makulli.

Laka kawai.

Ina jar motarka?

Mota biyu muke zuwa da ita… kullum biyu. Mu ajiye taka a nan gindin gada, mu hau tawa mu kai kwale-kwalen can saman kogi, kogi ya kawo mu. Da safen nan na wuce gadar nan ko kallonta ban yi ba. Na je sama, na kulle motata, na tura cikin ruwa kamar kullum, kamar akwai wanda ya riga ya ajiye tasa a ƙasa. Mil goma sha ɗaya tsakanina da motata. Waya ba ta kamawa a kwarin nan. Wa zai bi hanyar nan a rana irin wannan?

Takalmana cike da ruwa, titin kuma hawa ne. Hoton yana cikin waya a aljihun ƙirji. Gwiwar nan… bari in ɗan jingina da ƙarfen gada, minti ɗaya, minti ɗaya kawai. Ko'ina kai kake riga ni isa, tsoho. Yau dai ka jira.