Ranar da Iyatu Ta Je Ɗauko 'Yarta

Shekara uku da tafiyar Faransawa daga Dahome, wata Laraba cikin damina, Iyatu ta sauko daga kamiyon Parakou a garin Djougou, ƙullin kaya a ka. 'Yarta ta zo ɗauka.

Mairamu ce 'yarta ta fari, kuma kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari a gidajen fataken goro: uwa ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa, in ya yi kuka a gaban surukai sai ta kau da kai kamar na maƙwabta ne. Iyatu kuwa ta yi kunyar nan har ta zarce. Ranar yaye, da uwar mijinta ta goya yarinyar za ta tafi da ita Djougou, Iyatu na ɗaki tana tsintar shinkafa, ko leƙowa ba ta yi ba. An yaba mata a duk unguwarsu ta Zongo a Parakou. Yabon banza, wallahi, don bai hana ta kuka a bayan ɗaki ba.

Bayan Mairamu, Iyatu ta haifi biyu, ba wanda ya zauna. Yanzu tsohuwar ta rasu, an yi sadakar arba'in, sai Rabi'atu, yayar mijinta, ta aiko cewa ita za ta wuce da yarinyar gidanta a Bariénou. Mijin Iyatu, Labaran, dillalin shanu ne, bakinsa kamar reza a kasuwa, amma a gaban yayarsa ba ya iya komai. Abin da ya ce kawai, "Je ki ku daidaita da Yaya."

Rabi'atu ba muguwa ba ce, sai dai ba ta tauna magana.

"Iyatu, ni ba zan hana ki 'yarki ba," in ji ta. "Amma wadda yarinyar nan ta sani a matsayin uwa tana kushewa. Ba zan bari a ja ta tana ihu a jefa a kamiyo kamar akuya ba. In ta bi ki da ƙafarta, Allah ya kiyaye hanya. In ta ƙi, gobe da safe ni da ita sai Bariénou."

"To, Yaya."

Shufer, wato direban kamiyon, ya riga ya faɗa mata, da an sallame azahar zai juya Parakou, kuma ba wata mota sai Asabar. Saboda haka ta shiga rawar jiki. Aka kira yarinyar daga waje, ta shigo futu-futu da ƙasa, 'yar shekara huɗu da rabi, goshin ubanta sak. Iyatu ba ta ko gaishe ta ba, ina ta san yadda ake yi? Sai ta kwance ƙulli ta fito da sabuwar riga da takalmin roba da alewa, ta damƙi hannunta ta nufi bayan gida da ita za ta yi mata wanka. Ai kuwa yarinya ta tsala ihu, ta gantsara mata cizo a yatsa, ta fice a guje. Alewar ma ko kallo ba ta ishe ta ba.

Rabi'atu ta ci gaba da gyaran kuɓewarta kamar ba ta gani ba.

Iyatu ta bi bayan yarinyar. A bayan gidan akwai wani fili da kaɗanya biyu, ruwan daren jiya ya yanka 'yar hanya ta tsakiyarsa. Yara biyar ne a wurin, sun duƙufa suna tare ruwan da laka. Mairamu na ganinta ta koma bayan itace ta laɓe.

Me za ta ce mata? Sunan ya zo har bakinta ya maƙale. Tunda ta haife ta ba ta taɓa furta shi ba, "yarinyar nan" take cewa. Ta dubi rana, ta ga ta kusa tsakiya. Sai kawai ta zauna a kan saiwar kaɗanya, da zanenta na fita unguwa, ba don wata dabara ba.

Yaran suka ƙare mata kallo, suka ga ba ta da niyyar korar kowa, suka koma sha'aninsu. Wasan ba kai ba gindi. Su tare ruwa, ya fasa, su yi shewa, su sake. Wani ya tsinci kaɗe ya ɓare ya lashe. Wata ta ɗora tururuwa a ganye ta sake ta a ruwa, duk suka bi ta da gudu suna mata sai wata rana. Iyatu kuwa sai duba wurin take. Ga ciyawa har gwiwa, in da maciji fa? Ga fasasshen kwalba can. Sau uku tana buɗe baki za ta daka tsawa, tana haɗiyewa.

Can ta ɗebi laka tana mulmulawa. Ba ta ankara ba sai ga sa ya fito, da tozo da ƙaho, irin wanda take yi tana yarinya.

"Ƙahon ya yi gajere."

Mairamu ce, ta fito daga bayan itace, tana tsaye nesa kaɗan, a shirye take ta ruga. Iyatu ba ta ɗago ba, tsoro take kada kallo ma ya kore ta.

"To yaya za a yi masa?"

Yarinyar ta karyo tsinke biyu ta jefo mata daga inda take. Can ta matso ta soka su da kanta. Ta ce a yi masa saniya, aka yi. Ta ce saniya ba ta zama ba maraƙi.

Suna kan maraƙin ladan ya kira azahar. Ba a jima ba sai shufer ya danna odar kamiyo daga tasha, sau ɗaya, sau biyu, doguwa. Iyatu ta ji kamar ta suri yarinyar ta ruga, ga ta nan dab da ita, hannu ɗaya ya isa. Ta dubi 'yan yatsun nan da suke ta fama da ƙafar maraƙi. Ta danne hannayenta cikin laka har ƙarar motar ta yi nisa ta ɓace.

Rabi'atu ta leƙo ta kan dangar gida da buta a hannu. Ta ga matar ƙaninta zaune dirshan a ƙasa, zane ya ɓaci har ƙugu, ana gina wa shanu garke da tsakuwa. Ta daɗe tana kallo.

"Kamiyonki ya tafi, Iyatu."

"Na ji, Yaya."

"Hm. Ni ma kayana ba su gama haɗuwa ba. Sai Asabar ɗin, mu ga abin da Allah zai yi."

Ta koma ciki. Iyatu ta sauke wata ajiyar zuciya, idonta ya cika, ta sunkuyar da kai kada yara su gani. Mairamu ta dafa gwiwarta da hannu duk laka, ta leƙa fuskarta.

"Ke kin iya wasa. Kina da yara a gidanku?"

"Ina da ɗaya."

"Mace ko namiji?"

"Mace. Kamar ke."

Yarinyar ta yi ɗan tunani, ta gyara wa maraƙi tsayuwa kusa da uwarsa.

"To gobe ki zo da ita," in ji ta. "Ki ce mata kada ta ji tsoro, ba zan cije ta ba."