Tabarmar Madeleine

"Ta fara toho?" Baba Abdulƙadir ya tambaye ni, tun ban ajiye kular kunu ba.

Na san abin da yake nufi sarai, amma na tsaya gyara masa matashi ina yi wa nas sannu. Kwanansa goma sha biyu ke nan a asibiti, huhu ya ƙi, kuma kullum na zo tambayar ɗaya ce.

"Tana nan, Baba," na ce.

"Tana nan ba amsa ba ce, Hassia. Gobe ki ɗauko mini hotonta a salula."

Maƙwabcinmu ne a Saint-Fons, nan Faransa, ƙofarsa na kallon tamu a hawan ƙasa. Mutumin Damagaram ne, ya yi shekara talatin yana aikin masana'anta kafin ya yi ritaya. Ranar da na iso daga Maraɗi wurin mijina Ilya, cikin watan Yuli, shi ya fara ce mini ɗiyata a ƙasar nan. Yana da ƴar garka a bayan gida wadda ba ta fi ɗaki ɗaya ba. Matarsa Madeleine, Bafaranshiya, ta rasu shekara shida kafin zuwana. Ita ta dasa wata shuka mai yaɗo a gindin katanga, Turawa na ce mata filoks, shi kuma yana ce mata tabarmar Madeleine. Wai duk watan Afrilu sai ta rufe ƙasa da fure ruwan hoda, har ba a ganin ganye.

Ni ban taɓa ganin furen ba, kuma ban taɓa cewa ya nuna mini wace ce ba. Na ɗauka ƴar bishiyar da ke kusurwa yake nufi. Da aka kwantar da shi ya ba ni makulli, na shiga garkar na tarar da wani haki kwance a gindin katanga, ganyensa tsini-tsini kamar allura, rabi ya yi ja saboda sanyi. A gonar mahaifina duk abin da ya yi yaɗo haka, ba ya ba da abinci, hauya ce maganinsa. Na ce wannan ƴar'uwar tsidau ce. Na ɗaura ɗamara na nome shi tas, na share wurin, har ina lissafin inda zan sa masa yakuwa da albasa. Ranar na kwana ina jin daɗin kaina, ni mai hannun noma.

Ilya ne ya leƙa washegari, ya dafe kai.

"Hassia, ita ce fa."

To yanzu ga shi yana son hoto. Ilya ya ce mu nemo na wata garkar a intanet mu nuna masa, tunda likita ya ce kwanakin ba su da yawa. Na kusa yarda. Amma mutumin da ya san kowane dutse na katangar nan, yaya za a yi masa haka? Da safe na hau bas hannu rabbana.

Na tarar da ƴarsa Ruwaida ta iso daga Saint-Denis, can Paris, tana shafa masa mai a ƙafa. A gabanta na faɗa. Ban yi kwana-kwana ba, na ce na ɗauke ta haki na tumɓuke, duka.

Ruwaida ta saki ƙafar. "Ta mamana? Duka?"

Baba ya mai da idonsa sama. Ya daɗe yana kallon silin, robar iska na motsi a hancinsa. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

"Ina kika zuba ta?" ya ce daga baya.

"Bayan bukkar kayan aiki, kan tulin taki."

"Ba ki ƙone ba?"

"A'a."

"To madalla. Ɗiyar manoma, kin yi aikinki, babu sauran ɗiyan haki a Saint-Fons." Ya so ya yi dariya, tari ya tare shi. Da ya lafa ya ce, "Ki ji. Vivace ce, ba irin mai mutuwa duk shekara ba. Duk inda reshenta ya taɓa ƙasa, saiwa yake yi. Kada ki motsa ta. Ki danna ta da tahin hannu, ki ba ta ruwa kaɗan. Kaɗan na ce, ba shinkafa ba ce."

"Za ta yi fure bana?"

"Allah ya sani." Ya juya fuska wajen bango. "Shekara shida ina jiran Afrilu. In ta buɗe sai in kai kujera in zauna, in ba Madeleine labari. Bana ina da labari da yawa."

Kullum da safe nakan durƙusa gaban tulin takin nan ina danna rassa da tafin hannu. Yawancinsu sun bushe, suna karyewa. Wani ɗan curi a gefe dai ya riƙe korensa. Na ɗauki hotonsa na kai masa, ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Ta kama." Bai sake tambayata ba bayan wannan, kuma shirun ya fi tambayar ciwo.

Ya cika ranar huɗu ga Afrilu, da hantsi, Ruwaida na riƙe da hannunsa. Aka yi masa sutura, aka kai shi sashen Musulmi na maƙabarta, nesa da inda Madeleine take. Mutanen Nijar da na Cadi suka cika ɗakinmu, na dafa, na raba, na amsa gaisuwa. Kowa na cewa na yi masa hidima kamar ɗiyar cikinsa, ni kuwa ina jin kamar in nutse. Na san abin da na hana shi gani.

Kwana tara bayan haka Ruwaida ta dawo kwashe kaya. Tun ranar asibiti ba mu wuce gaisuwa ba. Na ƙwanƙwasa mata, na ce ta zo ta ga wani abu.

Fure biyar ne a gefen tulin, ƙanana, ruwan hoda, kowanne bai fi farcen babban yatsa ba. Ta tsuguna ta daɗe. Sai ta shiga ciki ta fito da kujerar ubanta, ta ajiye ta a fegin da na share, tana fuskantar tulin takin. Ba ta zauna ba, ni ma ban zauna ba.

"Ki samo mini wani ɗan gwangwani," ta ce. "Jirgina ƙarfe huɗu ne."

Na yanki reshe ɗaya mai saiwa na dasa mata a gwangwanin tumatir, na danna ƙasar da tafin hannu. Ta tafi da shi rungume a ƙirji. Kujerar tana nan inda ta bar ta, ruwan sama ya taru a mazauninta.