Jirgin Sodangi a Fadamar Inna Hajara

Inna Hajara ta sake zagaya kwale-kwalen, ta buga masa sanda a ciki, ko gezau. Ambaliyar bana ce ta kwaso shi daga mashigar Kwalkwalawa ta dire shi tsakiyar fadamarta, ruwa ya janye ya bar mata shi rabinsa a laka. Maƙwabta duk sun dasa albasa. Nata irin yana nan yana tsufa, har ganye ya fara rawaya.

Zama ya gagare ta. Ta yi ta aike wurin Sodangi mai jirgin, sai ran nan ya ɓullo kan babur ɗin da yake kabu-kabu da shi yanzu, bai ma kashe ba.

"Inna, gindin jirgin ya tsage, kuma sai ƙatti sun taru. Ruwa ya kawo shi, ki bari baɗi ruwa shi ɗauke shi."

"Baɗi? To bana mi za mu ci, laka?"

Ya yi dariya ya ja babur.

Dije, matar ɗanta, ta ce, "Inna, mu sa mai gatari. Masu suyar kifi na biɗar icce."

"Ke da anka ƙetare da ke cikinai kina naƙuda, gulbi na tumbatsa? Ba ni sa mai gatari."

Haka Inna take. Alheri ba ya ɓace mata, rainin hankali ma haka, kowanne da inda take ajiye shi. Ta tsaya tana duban cikin jirgin, can ta ce, "Ɗauko kwanduna."

Suka yini jidar ƙasa da taki har jirgin ya cika maƙil. Suka dasa a ciki, suka dasa kewaye. Tsagar gindin ta riƙa tsiyaye ruwa, albasar ciki ta fi ta ƙasa kyau.

Ta yi kore shar ke nan sai ga Sodangi da wani kafinta daga Wamakko, da ƙatti da igiyoyi. Ya tsaya turus.

"Inna, mi nike gani haka? Na samu mai saye, yau za shi ɗauka."

"Jirginka na, ɗan nan, ɗauki abinka. Amma shukata na ciki. Kada ganye guda shi karye."

Ƙattin suka dubi juna. Babbansu ya fara naɗe igiya. "Ni ban tuge shuka tana ɗanya, ko nawa za a ba ni."

Kafinta ya ce yana da wani jirgin da zai duba, ya kama hanya.

Sodangi ya durƙusa bakin kunya. "To sai yaushe, Inna?"

Ta sunkuya tana cire ciyawa, ba ta ɗago ba.

"Sai an haƙe albasa. Sannan in gani ko tattasai na son wurin."