Kwalbar da Baba Sannu Ya Riƙe

Shekara uku Dakta, wata masaniyar kimiyya, ta yi tana aiki ɗaya a ɗakin bincike na jami'a. Takan sa guntun karbon, irin baƙin nan na cikin fensir, a gindin kwalba, ta zuba masa wani ruwan sinadari mai warin fetur, sannan ta kunna na'urar lesa ta yi ta harbinsa da haske mai ƙarfi. Hasken ne ke farfasa karbon ɗin, ƙwayoyinsa su jeru a cikin ruwan kamar sarƙa. Ido ba ya ganinsu, sai dai na'ura ta nuna a kwamfuta. Dogayen take nema, amma kullum a ƙwaya goma sarƙar ke tsayawa.

Sai ta samu juna biyu. Da likita ya ji abin da take shaƙa, ya ce ta nisanci ɗakin har ta haihu.

Wanda ya riƙe mata aikin shi ne mai kula da na'urori, wani dattijo da ake kira Baba Sannu, don ko kujera zai ja sai ya duba ƙafafunta. Aka sa mata tebur a waje, jikin taga mai baƙin gilashi, suna magana ta waya.

"Baba, minti talatin a jere nake harbawa," in ji ta.

"To, Dakta."

Amma minti biyar kawai ya yi ya kashe. Ya taɓa kwalbar da bayan hannu, ya tsoma ta a ruwan sanyi, ya zauna yana jira. Haka ya yi ta yi, aikin rabin awa sai da ya kai su tsakar rana.

A gida ta ce wa maigidanta, "Zan haihu, ɗan ya yi rarrafe, Baba bai gama kwalba ɗaya ba."

"Da ma hutu likita ya ba ki," ya ce. "Ya samo miki mai tilasta ki."

Washegari na'ura ta nuna sarƙa mai ƙwaya goma sha huɗu. Dakta ta ce datti ne, a wanke a sake. Aka sake, bai canza ba. Ta sa ya yi kwalba biyu, ɗaya yadda take yi, ɗaya yadda ya ga dama. Tata ta tsaya a goma, tasa ta kai goma sha huɗu.

Ta daɗe tana kallon allon kafin ta ɗaga waya.

"Baba, wa ya gaya maka zafi na ɓata su?"

"Ni ban san sarƙa ba, 'yata." Ya ɗaga hannunsa ta taga, ta ga wani tsohon tabo a tafin. "Kwalba ce ta taɓa fashe mini da zafi. Tun daga nan ba na yarda da su."

Kunya ta ɗan kama ta, don shekara uku yana wucewa ta bayanta ba ta taɓa tambayarsa komai ba sai makulli.

Watanni biyun da suka rage ta haihu ta yi su a teburin nan tana rubuta sakamako, shi kuma yana auna zafin kowace kwalba. Ta sa sunansa kusa da nata a takardar binciken. Ya ce ai ba a sa irinsu a takarda, ta ce an sa yau.

Mace ta haifa. Bayan wata huɗu ta koma aiki, ta roƙi a bar mata Baba a ɗakinta kwana biyu a mako. Shugaban sashe ya ba ta ɗaya.