Wa Ya Naɗe Salansar?

Danja ta tsayar da Auta a kan babur ɗinsa ke nan sai wata mata a motar da ke gefensa ta leƙo ta taga tana nuna ƙafarsa. "Malam, wuta! Babur ɗinka na ci da wuta!"

Auta ya duba ƙasa. Farin hayaƙi ne ke tasowa ta damansa, da wani ƙauri da bai taɓa ji ba, ba na roba ba, ba na mai ba. Ya kashe inji ya diro, saura kaɗan kwalin magungunan da ya ɗauro a baya ya kife. Kafin ya tura babur ɗin bakin titi har an taru, wani mai wankin mota ya taho a guje da bokiti. Sai dai babu wutar da za a kashe. Salansar ce, tun daga wuyanta har kusan ƙarshe, an naɗe ta da wani ƙyalle mai kauri ruwan toka, kamar ƙafar da aka yi wa bandeji, an ɗaure bakin da waya.

"Kai ka naɗe ta?" in ji mai bokitin.

"Wallahi ban sani ba," Auta ya ce, aka kwashe da dariya.

Jiya ya dawo daga kwas ɗin da kamfanin rarraba magungunan da yake wa aiki ya tura shi. Babur ɗin a zauren gida ya bar shi, makullin kuma a aljihun tebur. Yau ya makara, ya hau bai ko kalli ƙasa ba. Wani ya ce ya yanke abin nan take. Wani ya ce kada ya taɓa da hannu, akwai mai nufinsa da sharri. Wani kuma ya ce ƙila ma babur ɗin wani ya ɗauko. Har sai da Auta ya zagaya ya duba lambar. Tasa ce.

Da tura ya kai shi garejin bakanikensa. Mutumin ya tsuguna, ya shafa naɗin da bayan hannu, ya yi murmushi.

"Ba abin da ya same shi. Zanen zafi ne, wuta ba ta cinsa. In sabo ne dole ya yi hayaƙi, gobe ko jibi zai daina. Ana sa shi don kada salansa ta ƙona mutum."

"To kai ka sa min?"

"Ni? Ai Babanka ne ya saya a nan. Ya ce kai ka aiko shi. Na ce ya kawo babur ɗin in naɗa, ya ce in faɗa masa yadda ake yi kawai. Na ce ya jiƙa da ruwa, ya fara daga wajen inji, kowane zagaye ya hau rabin na baya." Ya ƙara dubawa. "Kuma ka ga bai kuskure ba. Da lalube ya yi wannan?"

Auta ya sake duban naɗin. Baba ya yi shekaru yana masinja a ofis bisa babur, amma tun da yanar ido ta rufe masa gani likita ya hana shi tuƙi. Yanzu ko cokali ya faɗi sai an miƙo masa. Me ya haɗa shi da salansa? Kuma me ya sa jiya, da suka zauna suna hira, bai ce komai ba?

Ya kai magungunan shaguna biyu, a na biyun ya ba su kwalin da ba nasu ba, sai da aka biyo shi. Daga nan ya juya gida.

Baba na zaune a tsakar gida da rediyo a kunne. Da jin ƙarar babur ya miƙe tsaye kamar wanda aka kama.

"Har ka tashi aiki?"

"Baba, me ya sa ka naɗe min salansa?"

"Gyara ne. Laifi ne uba ya yi wa ɗansa gyara?"

"Ba laifi ba ne. Amma me ya sa ka ce ni na aike ka?"

Baba ya murɗa rediyon, ya ƙara masa murya. Auta ya wuce ɗakin Mama. A gado ya same ta da rana tsaka, ita da ba ta iya zama wuri ɗaya, ta lulluɓe ƙafafu da zani duk da zafin da ake yi. Sai a lokacin ya tuna jiya ma a zaune ta tarbe shi, ba ta tashi ta zuba masa abinci ba. Ɗakin na warin man goge baki da wani wari a ƙarƙashinsa.

"Mama, in ga ƙafarki."

"Ka ci abinci tukuna."

Ya ɗaga zanin a hankali. A ƙwaurinta na dama akwai ƙuna kamar faɗin tafin hannu, an shafe ta da farin man, gefen ya kumbura ya yi ja, tsakiyar na ruwa. Mama na da ciwon suga, kuma shi da ke yawo da magani kullum ya san abin da ƙaramin rauni ke zama a ƙafar mai suga.

"Wa ya ɗauke ki a babur?"

Ta kalli ƙofa. Baba na tsaye a wurin, ya dafa bango.

"Ni ne," in ji shi.

"Kai? Baba, ai ba ka gani!"

"Ni ina gani," Mama ta ce. "Shi hannu, ni ido. In ce masa hagu, in ce rami, in ce tsaya. Ko kaza ba mu taka ba. Wajen sauka ne na manta, na sauko ta ɓangaren da bai kamata ba."

"Ina kuka je? Asibiti? Wani abu ya faru ne ba ku kira ni ba?"

"Bakin ruwa muka je."

"Yin me?"

"Zama," in ji Baba. "Kullum kana fita sai mu bi bayanka. Da kana nan a motar haya muke zuwa, ta yi ta jijjiga mu. Da ka yi tafiya ta ce ta yi kewar iskar babur."

"Ni na ce? Kai dai ka ce hannunka na ƙaiƙayi."

Auta ya dube shi, ya dube ta. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya rasa da wa zai fara. Tun da ya dawo zama da su yake ganin kamar ya san duk motsinsu, lokacin maganinta, lokacin barcinsa. Ashe yana juya baya suna da tasu rayuwar.

Ya fita ya samo tasi. A asibiti nas ta wanke ƙunar tana tsaki a kan man goge bakin, Mama ta damƙe hannun Baba. Likita ya ce ciwon ya fara cin ciki, za a kwantar da ita a sa mata magani ta jijiya, kuma da an ƙara jinkiri da maganar ta wuce haka. Nas ta tambayi wanda zai zauna da ita. Kafin Auta ya amsa Baba ya riga ya laluba kujerar gefen gadon, ya zauna, ya cire takalmansa ya tura ƙarƙashi.

Auta ya fito baranda don ya sanar da Yaya, babbarsu. Ya san halinta. Ta daɗe tana cewa tsofaffin sun fi ƙarfin mutum ɗaya, gara ta ɗauke Mama zuwa gidanta, Baba kuma ya koma wurin ɗaya ƙanin nata. In ta ji wannan labarin, ko mako ba za a yi ba za ta raba su.

"Ƙuna kuma? Ƙunar me?" ta tambaya, muryarta har ta tashi.

"Salansar babur."

"Innalillahi! Mama a kan babur? Wane marar hankali ne ya ɗauke ta?"

Ta tagar ɗakin yana hango su. Baba na ƙoƙarin zuba ruwa a kofi, Mama daga kwance tana ce masa ya matso dama kaɗan, ya isa, tsaya.

"Auta, da kai nake magana. Wa ya ɗauke ta?"

"Ni ne, Yaya," ya ce.

Ya ɗan janye wayar daga kunnensa, ya jingina da bango, ya bar ta ta fara.