Mai Famfo Ba Ya Faci

Likitar ta juyo masa da allon kwamfuta, ta nuna da bakin biro. Mai famfo bai buƙaci dogon bayani ba. Shekara talatin da huɗu yana leƙen cikin bututun mutane, yau ga nasa an haska masa.

"Baba, hanyoyin jinin zuciyarka uku ne suka toshe," in ji ta. "Kuma ba wuri ɗaya ba. Haka ciwon suga yake yi, bin jijiyar yake daga sama har ƙasa."

"Tsatsa ta ci layin ke nan," ya ce.

Ta yi murmushi, ta ce kusan hakan. Hanya biyu ce. Ko a bi ta wuyan hannunsa da siririn bututu, a buɗe inda ya matse, a saka 'yar ragar ƙarfe ta tokare wurin, kwana ɗaya ko biyu ya koma gida. Ko kuma a buɗe ƙirjin, a ɗauko lafiyayyar jijiya daga cikin ƙirji da ƙafa, a kewaye toshewar. Ga mai suga mai irin toshewarsa, ta biyun ta fi ƙarko, ita take ba shi shawara. Sai dai zai yi sati shida ko fiye ba ɗaukar ko bokitin ruwa, ga ciwon mai suga da jinkirin warkewa. Dole a sami mai zama da shi.

Ta miƙo takarda. Can ƙasa akwai layi guda: sunan wanda zai kula da majinyaci bayan sallama, da lambar wayarsa.

"Ka cika ka dawo jibi."

Duk wanda ya san mutumin nan ya san ba ya faci. Ka kira shi kan tsohon fayif mai yoyo, ka ce ya ɗan ɗaure maka da roba, sai ya ƙwanƙwasa shi da sifana, ya saurara, ya ce a ja sabon layi ko ka nemi wani. An zage shi, an ce masa mai taurin kai, an kore shi daga gidaje, bayan wata uku kuma a kira shi ana kame-kame. To, mutumin da ya san wannan a hannunsa, wa zai koya masa wace tiyata ta fi?

Ya zauna a bencin ƙofar shagonsa, ya ciro takardar da waya. Shi ba ya ajiye lambar mutum da suna, da matsalarsa yake ajiyewa, don in an kira ya san kayan aikin da zai ɗauka. Ya fara bi da babban yatsa. Tankin sama mai yoyo. Bene na uku ba ruwa. Kwatami bayan makaranta. Famfon kicin mai kuka. Lamba ɗari uku da wani abu, kowacce ya san inda bututunta ya bi ta ƙarƙashin siminti, amma babu gida ɗaya da ya taɓa zama a falonsa. Ta ƙofar baya yake shiga, ta nan yake fita.

Mai walda, maƙwabcinsa, ya ɗaga gilashin fuska ya leƙo. "Tsoho, me likitocin suka ce? In walda ce kawo in yi maka."

"Sun ce in rage jin surutunka."

Suka yi dariya. Ya dubi mai walda, ya tuna ɗaki biyu gare shi da 'ya'ya bakwai, ya ninke takardar ya mayar aljihu.

Lamba ɗaya ce a wayar ba ta matsala ba: Uwata. 'Yarsa ce tilo, sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake kiranta haka. Tana koyarwa a wani gari mai nisan yini guda a mota. Bayan rasuwar matarsa ta roƙe shi ya koma wurinta, har da kuka. Ya ce shi ba kaya ba ne da za a jingine a kusurwa, kuma ba ya buƙatar kowa. Ya faɗa da ƙarfi, a gaban mijinta. Tun daga nan gaisuwarsu ta koma ta minti ɗaya, kuma ya san shi ya jawo. Kunya yake ji, ga tsoro, ga kewa.

Da la'asar ya nufi gida. Matakalar benensu ashirin da biyu ce, yanzu sai ya huta sau biyu yake kaiwa. A hutu na biyun ya zauna, ƙirjin ya yi nauyi kamar an ɗora masa buhun siminti. A nan ya yanke shawara: jibi zai ce a saka ragar. Ba ta buƙatar sunan kowa.

Sai ya ji yana son jin muryarta kawai. Ya kira.

"Baba? Lafiya?"

"Lafiya lau, Uwata. Ya yaran?"

"Suna nan. Wallahi kamar ka san ina tunaninka. Bangon banɗakinmu ne ke jiƙewa, sau biyu ana gyarawa. Mai gyaran ya ce gobe zai fasa wurin ya sake liƙewa."

Nan take ya gyara zama. "Fayif ɗin na ƙarfe ne? Tun ginin gidan?"

"Ina jin haka."

"To kada ki yarda. In ya ruɓe a wuri ɗaya, ya ruɓe ko'ina, ido ne bai gani ba. Yau ya liƙe nan, gobe ya ɓalle can. Ki ce ya ja sabon layi ta waje."

"Baba, aikin zai yi yawa. Sati guda gidan a hargitse."

"Ya hargitse mana. Mai gudun hargitsin sati guda shi ke kwana cikin ruwa. Ke dai..."

Ya sunkuyar da kai. Kan takardar ya leƙo daga aljihun rigarsa. A ƙasa wani ya buɗe famfo, ya ji ruwan yana hawa cikin bango kusa da kunnensa.

"Baba? Kana ji na? Wannan numfashin fa?"

"Uwata," ya ce. "Ni ma haka likita ta ce mini."

"Wace likita?"

Ya faɗa mata duka, jijiyoyi uku, raga, buɗe ƙirji, sati shida. Layin ƙasan takardar ne ya bari a ƙarshe, ya faɗe shi a gurguje kamar ba komai ba.

Da ta yi magana, kuka ne da faɗa a haɗe.

"Sunan wa ka rubuta?"

"Ban rubuta ba. Na ce ko facin za a yi."

"Kai? Faci?" Ta ja hanci. "Akwai biro a jikinka?"

Ya laluba. Fensirin da yake yi wa fayif alama ne kawai, a bayan kunne. Ya shimfiɗa takardar a gwiwarsa.

"Rubuta," in ji ta. "Kuma sunana na gaskiya za ka sa, Baba, don su san wa za su kira."