Tashar da Ba Ta Cikin Taswira

Ƙarfe shida da kwata Auta ta zare wayar caji daga jikin bas ɗin, ta naɗe, ta rataye a ƙugiya. Allon gaban sitiyari ya nuna batir ya cika. Ta zagaya ta duba tayoyi, ta goge madubi, ta dawo ta sake goge shi alhali babu komai a jikinsa. Zama ya gagare ta.

Yau ce ranar ƙarshe. Wata uku na gwaji kamfanin sufurin birni ya ba unguwarsu da wannan bas mai lantarki. In ya samu fasinja, layin ya zauna. In bai samu ba, a mayar da motar cikin gari, unguwa ta ci gaba da sayyada, wato takawa da ƙafa, ita kuma ta koma gida ta rungumi lasisinta. Kuma tsakani da Allah, wata ukun nan iska take ɗauka.

Wani mutum mai gilashi ya ƙaraso da fayil a hammata. Sufeto ne, shi zai rubuta rahoton ƙarshe.

"Ina direban?"

"Ga ni, ranka ya daɗe."

"Au. Na ɗauka ke mai goge madubi ce."

"Duka biyun nake yi," in ji ta, ta haye kujerarta.

Motar ta fita daga gareji ba ƙara ba hayaƙi, sai ɗan zuuu kamar sauro. Sufeto ya zauna bayanta ya buɗe fayil. Auta tana tuƙi, yatsunta na buga sitiyari, idonta na kan agogo.

Tashar unguwar kyakkyawa ce: rumfa mai farantin hasken rana, benci mai fenti, allon lokaci. Akuya biyu ne kwance a kan bencin. Fasinja ɗaya ya shigo, wani tsoho da ya ajiye aiki, wanda ake kira Baba Shan-iska, don ba ya zuwa ko'ina, sanyin motar yake bi.

"'Yata, yau baƙo muka yi?" Ya dubi Sufeto. "Malam, zauna inda kake so, gidan namu ne mu biyu."

Sufeto bai yi dariya ba. Ya rubuta wani abu gajere. Auta ta hango shi ta madubi, ta san abin da ya rubuta.

Ita ta san inda gizo ke saƙar. Mutanen ofis taswira suka shimfiɗa, suka ga titin kwalta ya wuce ta gaban unguwa, suka ɗiga alƙalami a nan. Ba wanda ya zo ya ga cewa gidaje sun gangara can baya, wajen kwari. Daga can zuwa rumfar nan hawan tudu ne na kusan rabin awa, kuma kana hawa kana juya wa gari baya. Shi ya sa kowa ke fita ta bayan unguwa, ya bi 'yar hanyar da ƙafa ta fitar, ya ɓulla tsohon titi ta bayan gidan bulo, ya miƙe awa guda zuwa cikin gari. Shekara shida Auta ta yi tana bin hanyar nan zuwa makaranta, da ruwa da rana, takalmi a hannu in an yi caɓi. Har yau Innarta na bin ta da ciwon gwiwa zuwa ɗakin wankin asibiti inda take aiki.

"In hau tudu in je jiran motarki?" Inna ta ce da ita tun makon farko. "Auta, kafin in kai rumfarku na ci rabin hanyata."

Wasiƙa uku ta rubuta wa ofis, har da zane. Amsa ɗaya ta samu: an karɓa, ana dubawa.

Ta tashi motar. A gaba akwai mararraba: dama kwalta ce, hanyar da aka zana mata, hagu tsohon titi. Dokar aiki a fili take, direban da ya bar layinsa ya bar aikinsa. Ta rage gudu. Ta dubi agogo, bakwai saura biyar, daidai lokacin da mutane ke ɓullowa. Ta ce a ranta, wanda ke cikin ruwa ba ya tsoron yayyafi. Ta sa sigina ta karya hagu.

"Ke! Ina za ki?" Sufeto ya miƙe.

"Inda fasinjojina suke."

"Wannan ba ya cikin taswira."

"Su ma ba sa ciki, ranka ya daɗe. Zauna, akwai ramuka."

Rediyon motar ya yi ƙara. Muryar Ogan gareji ce, yana ganin motar a kwamfutarsa. "Lamba tara, kin saki hanya. Lamba tara, ki juyo yanzun nan!"

"Ina jinka, Oga. Minti goma."

"Ba minti goma na tambaye ki ba!"

Ta rage muryar rediyon. Baba Shan-iska ya riƙe ƙarfe da hannu biyu yana washe baki. "Yau dai za a je wani wuri," in ji shi.

Suna shan kwanar gidan bulo, sai ga su. Layi guda, daga bakin kwari har iya ganin ido: mata da kwandunan ganye a ka, leburori da shebur, malaman makaranta, masu goyo, wata nas da farin takalminta a leda. Da suka ga bas, sai suka rabe gefe suka ba shi hanya, kamar yadda suka saba ba kowace mota. Ba wanda ya ɗaga hannu.

Wannan ne ya fi ƙona mata rai. Ta taka birki, ta buɗe ƙofofi duka, ta leƙa.

"Jama'a, motarku ce fa! Ku shigo!"

Suka tsaya kallon-kallo. Can sai ga Inna tana ɗingishi, ta dafa ƙofa.

"Auta, kin haukace? Korar ki za su yi."

"Gobe ma korar ce, Inna. Hau."

Inna ta dube ta, ta ja tsaki, ta hau. Ƙanwar Inna ta biyo baya da kwandonta tana cewa, "To, tunda uwar direba ta shiga, mu ma dangin mota ne." Shi ke nan, kamar an ɓalle dam. Kujeru suka cika, tsakiya ta cika, har Auta ta rufe ƙofa a kan wasu tana ba su haƙuri. Wata tsohuwa ta tsaya kan Sufeto ta ce, "Ɗana, ƙafarka lafiya lau take, ko?" Ya tashi ya ba ta wuri. Haka ya yi tafiyar a tsaye, fayil a baki, ganyen alayyafo na shafar gilashinsa. Abin da ke cin awa guda, minti goma sha biyu ya ci.

A gareji Oga na jira, fuska kamar hadari. Bai bari ta sauko ba ya fara. Ya yanke mata dakatarwa ta mako biyu, ya ce ta gode wa Allah da abin ya tsaya nan. Auta ta miƙa makulli, ba ta sunkuyar da kai ba, ba ta kuma ba da haƙuri ba.

Sufeto ya shimfiɗa taswirarsa a kan benci, ya miƙo mata biro.

"Nuna min inda hanyar nan ta ɓullo."

"Na nuna sau uku a wasiƙa."

Ya gyara gilashi. "To, nuna na huɗu."

Ta ja layi daga kwari zuwa gidan bulo, ta danna biron har ya huda takardar.

An ƙara wa layin wata uku. Rumfa mai farantin rana tana nan kan tudu da akuyoyinta. A bayan gidan bulo sanda kawai aka kafa da lamba tara a jiki. Ranar Litinin Auta ta bi hanyar kwari da ƙafa tare da Inna, ta tsaya cikin layi kamar kowa. Bas ya iso, wani direba ne a kujerarta, ya taka birki har Baba Shan-iska ya yi gaba a kujerarsa.

Ta shiga, ta sunkuya kusa da kunnensa.

"A hankali, malam. Aro aka ba ka. Saura kwana goma sha ɗaya."